Amaryar da Ta Tsaya a Kunya

A garinmu da ke kan rairayin Baden, idan mutum ya makara har aka gaji da jiransa, ba a tambayarsa dalili. Sai dai a ce, "Kai ma ta gonar Irmtraud ka biyo?" Maganar ta haura shekara hamsin, mai ita kuwa tana nan da ranta.

Ranar aurenta abin ya faru, wata Asabar cikin watan Mayu, ana tsakiyar kakar asfaragus, wani farin tsiro da ake tonowa daga cikin kunya a ci. An ɗora ta a keken doki cikin farar riga, ango Gottlob yana can coci yana ta gyara wuyan kwat. Da hanya ta ratsa gefen gonar ubanta, sai amarya ta ce wa mai doki, "Tsaya!" Wata 'yar tsaga ta hango a bayan kunya, siririya kamar silin gashi. Duk ɗan garin nan ya san ma'anarta: farin tsiro ne a cikin ƙasa yake turo kai, in kuwa ya leƙo rana ta taɓa shi, kansa zai yi shuni, ya tashi daga na teburin baƙi ya koma na miya. Ta sauko, ta ari wuƙar mai dokin, ta tattare riga, ta durƙusa. Tana ciro wannan sai ga wata tsagar a gaba, bayanta kuma wata. Mai buga ƙararrawa ya buga har ya nemi wuri ya zauna. Fada, limamin cocin, ya sa aka rera waƙa ɗaya sau uku. Can sai ga amarya, rairayi har gwiwa, furanninta ta baro su a kan kunya, ta rungumo tsiro goma sha tara, farare sol. Da su a hannu aka ɗaura auren.

Tun daga ranar ba ta taɓa rasa kaka ba. Daga tsakiyar Afrilu zuwa Ranar Yohanna, ashirin da huɗu ga Yuni, kafin hantsi tana gona da kwando, da doguwar wuƙa, da cokalin magini. Ta tona da yatsa biyu har gindin tsiron, ta zura wuƙa inda ido ba ya kaiwa, ka ji ƙas. Ta zaro shi, ta mayar da rairayin, ta shafe da cokali ya yi sumul, don tsagar gobe ta fito sarai. Manyan maza sun sha ajiye kekensu a bakin hanya suna kallonta, har wasu su cire hula ba su sani ba.

Bana tana da shekara saba'in da biyar, yanar ido ta rufe mata gani. Ɗanta Ekkehard, wanda gonar ke hannunsa yanzu, ya riga ya lulluɓe yawancin kunyoyin da baƙar leda kamar yadda kowa ke yi. A ƙarƙashin leda ko tsiro ya leƙo ba ya ganin rana. Ka ɗaga, ka gani, ka yanka. Kunya shida kawai suka rage a buɗe, na uwarsa.

"Inna, a bari na rufe su, ki huta," ya ce da ita a kicin. "Jiya fa hular Baba kika zuba wa madara, kina kiranta kyanwa."

"Ai hular ta fi kyanwar gashi," in ji ta. "Kuma ta fi ta ladabi."

"Wanda bai ga hula ba, ina zai ga tsaga? Sai rana ta ɓata mana kunya shida."

Gottlob yana gefe yana feren dankali, bai ɗago ba. "Yaro, ni na taɓa jiran matar nan a gaban gari duka. Ka bi a hankali."

Suka yanke magana: gobe Ekkehard zai shiga gaba ya bi kunya ɗaya da idonsa lafiyayye, ita ta biyo baya. In ba ta samu abin da ya bari ba, sai leda, ita kuma ta zauna gida. Daren nan an ji ta tana wasa wuƙa.

Da sassafe raɓa ba ta ɗauke ba suka fita. Ekkehard ba rago ba ne, ɗan uwarsa ne. Ya bi kunyar a tsanake ya ciro ashirin da shida, ya shafe ramukansa, ya tsaya a ƙarshe yana murmushi. Sai tsohuwa ta cire safar hannu ta miƙa wa mijinta. Ba ta ko sunkuyar da ido ba. Tafin hannunta kawai ta ɗora a bayan kunyar, tana tafiya tana shafa ta kamar mai lallashin saniya. Taku huɗu ta tsaya. Wurin sumul yake, babu tsaga ko ɗaya. Ta tona, sai ga farin kai yana jira, saura kaurin yatsa ya fito.

"Yaya aka yi kika sani?" in ji Ekkehard, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ƙasar ta yi tauri a nan, tana ɗaure ciki. Kawo hannunka."

Ya ɗora, ya rufe ido, ya daɗe. "Ban ji komai ba, Inna."

"Shekararka hamsin kacal, ina za ka ji?"

Goma sha ɗaya ta ciro a bayansa, ko ɗaya bai tsaga ƙasa ba tukuna. Ya tsaya riƙe da kwandonta yana kallon hannun nan mai jijiyoyi, bai sake ambaton leda ba. Da la'asar aka gan shi shi kaɗai a gona, a durƙushe, yana shafa kunya.

Ranar Yohanna aka ajiye wuƙaƙe, kamar kullum, don a bar shukar ta yi ganye ta tara ƙarfin baɗi. Maƙwabta suka taru a tsakar gidansu don cin tsiron ƙarshe, da dankali da narkakken man shanu. Ekkehard ya miƙe ya ce kunya shida na Inna ne muddin tana so, kuma baɗi shi ne ɗalibi. Aka tafa. Gottlob ya goge baki, ya dubi jama'a.

"Ku dai yaba ta. Ni ne na tsaya awa ɗaya da rabi a coci, takalmi na matse ni, surukata na kuka, saboda tsiro goma sha tara. Irmtraud, yau ki faɗa a gaban mutane, me ya sa kika zaɓe su a kaina?"

Ta lalubo hannunsa a kan tebur, ta ɗan bubbuga shi kamar yadda take yi wa kunya.

"Haba, tsoho," ta ce. "Kai na san za ka jira. Su ba sa jira."