Rumbun Gwaggo Rifkatu

Ranar da na ga ƙafafun wata mata suna lilo a bakin rumbun Gwaggo Rifkatu, kayan da ke kaina sai da suka kusa zubewa. Kai da kafaɗa duk suna ciki, ƙafa da bakin zani ne kawai a waje. Na ɗauka ɓarauniya ce, da rana tsaka. Na buɗe baki zan yi kururuwa ke nan, sai na hangi Gwaggon da kanta a ƙasa, ita ce ma ta riƙe mata tsani.

Wanda bai san mu ba, ba zai gane abin da ya ɗaga mini hankali ba. A wajenmu, Hausawa Kirista na ƙauyukan Tudun Wada, mace tana da gayaunarta, wato 'yar gonarta ta kanta, tana kuma da rumbunta. Ko mijinta ba ya leƙa shi. Ni 'yar ƙaninta ce, a hannunta na tashi, amma har na yi aure na koma Kwanar Dangora ban taɓa ganin cikin rumbun nan ba.

Ta wajen Doguwa aka haifi Gwaggo, aure ya kawo ta nan. Ta haihu, yaran ba su rayu ba. Mijinta, Baba Istifanus, ya rasu tun ina sakandare, ta ci gaba da noman dawarta kaura ita kaɗai. Ba ta yi boko ba, amma duk waƙoƙin coci suna kanta. Kada kuma a ɗauka mai sakin hannu ce. Matar da ke wanke ledar gishiri ta zuba ruwan a miya, ita ce wannan.

Mai ƙafafun ta sauko da zangarniyar dawa cike da kwando, ashe Hussaina ce, matar Malam Shitu, maƙwabcinsu Musulmi. Masu farautar gafiya ne suka cinna wa daji wuta bayan an gama girbi, wutar ta lashe rumbunan Malam Shitu ƙurmus, ga yara cike da gida. Hussaina ta gaishe ni kanta a ƙasa, ta wuce.

Ban ko zauna ba na fara. Na ce taimako ba laifi ba ne, a auna mata tiya kaza a ba ta, a rufe rumbu. Amma a ce tsohuwa marar ɗa marar miji ta buɗe wa gida guda abincinta na shekara, su hau su ɗiba yadda suka ga dama, wannan ba kirki ba ne, rashin tunani ne.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Tabita, in na auna mata, sai ta zo ta roƙa. In ta roƙa sau ɗaya, sau biyu, kunya za ta hana ta dawowa, yara su kwana haka."

Na ce to ita fa, me za ta ci kafin sabuwa ta nuna?

"Wanda ya cika shi bara ai bai mutu ba."

Na tafi wajen fasto na kai ƙara. Ya je da niyyar yi mata nasiha, ya dawo yana sosa ƙeya. Wai ta tambaye shi ko wa'azin da ya yi ranar godiyar kaka, cewa Ubangiji ne mai ciyar da mu, na cikin coci ne kawai ko har da gida. Sai addu'a ya yi mata ya fito.

Da bazara ta yi zafi na koma. Ban nemi izinin kowa ba, na taka tsanin nan na ɗaga murfi. Wayam. Har ƙasan an share, ko ƙaiƙayi babu. Da na sauko na dube ta da kyau, wuya ya fito, zani yana zagaye ta har ya yi saura. Tana zaune tana tsinkar zogale za ta yi kwaɗo, tana rera waƙa kamar wadda aka yi wa albishir.

Kuka na yi, na haushi. Daga ranar, duk kasuwar Tudun Wada sai na sayi masara da ɗan mai da daddawa, na hau bayan ɗan acaɓa na kai mata. Kowane zuwa da faɗana nake zuwa, ita kuma ta karɓa ta ce Ubangiji ya yi albarka. Gaskiya kuma, ruwan fari na sauka Malam Shitu ya shiga gayaunarta da garmar shanu tun kafin ya taɓa tasa gonar, Hussaina kuma takan aiko da fate a rufe. A haka muka ja har dawa ta nuna.

Ranar godiyar kaka, Gwaggo ta shigo da daminta mafi kyau, ta tsaya a gaban jama'a za ta ba da shaida. Ta ce rumbunta ya ƙare tun bazara, amma Ubangiji bai bar tukunyarta ta bushe ba. Ta ce tun da take, ba ta taɓa jin wadata a zuciyarta irin ta bana ba. Jama'a suka ce amin. Ni kuwa baki na sake. Ko sunana ba ta ambata ba.

Ana tashi na tare ta a bakin ƙofa. Na ce, "Gwaggo, masarar nan fa ni ce na yi ta jigilarta, har ƙuguna ya riƙe."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke da ba ma ganinki sai Kirsimeti? To wa ya taso ki?"

Har yau ban huce ba. Makon jiya na je, rumbu ya cika, amma tsanin yana nan a jingine, ta ƙi a ɗauke shi. Na riga na gaya wa mai masara ya riƙa ajiye mini.