Ƙyauren Banɗakina Ya Fi Ni Suna

Maƙwabcina Tsawa ɗan firit ne, idan yana magana sai ka matso kusa sannan ka ji. Sunan a wurin aiki ya same shi. Tun muna samari yake gidan rediyon jama'a, wanda kowane gida ke biya wa kuɗi a haɗe da kuɗin wuta, kuma har yau ba wanda ya taɓa jin muryarsa a rediyon. Shi aikinsa yin ƙara. Idan a wasan kwaikwayon ranar Alhamis aka ce hadari ya taso, shi ne a bayan makirufo yana girgiza guntun kwanon rufi. Ruwan sama, shinkafa yake zubawa a faranti. Gobara, leda yake cukuikuyewa. Idan mai gida ya dawo daga tafiya, Tsawa ya zura hannu a takalma ya yi ta taku cikin daron yashi. Na sha ce masa, mutum da iyalinsa, ka yi wanka ka sa kaya masu guga, ka tafi ofis ka sa takalmi a hannu.

Ni gyaran keke nake yi, kuma ina gaba-gaba cikin masu ƙorafin kuɗin rediyon. Duk ranar da na biya kuɗin wuta, sai na tsaya a bakin shago na sanar da masu wucewa cewa ana tatsar mu ne don a ciyar da mai girgiza kwano. Tsawa ba ya fushi. Sai dai ya ce jiya ya ji ni ta katanga ina ƙyalƙyala dariya lokacin wasan. Ni kuwa in ce matata ce ta kunna, kunne kuma ba shi da murfi.

Gidan rediyon nan ba su da kuɗin sayen kayan aiki, don haka komai a layinmu Tsawa ke ara. Almakashin tela ya sha zama takobi, daron matar telan ya zama kogi. Wata rana ya shigo gaishe ni, surukata ta tura ƙyauren banɗaki, ƙyauren ya saki kukansa da ya saba. Tsawa ya tsaya cak da gaisuwa a baki. Da tsohuwar ta fito, ya roƙe ta ta koma ta sake shiga. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye ni ko lafiyarsa ƙalau.

Daga makon nan, duk Alhamis da rana sai ga shi da sukudireba. Ya kwance ƙyauren, ya ɗora a ka, ya nufi aiki. Mu kuma mu rataya tsohon bargo, muka kafa doka cewa duk wanda ya shiga ya riƙa waƙa. Surukata ta ce da girmanta ba za ta yi waƙa a banɗaki ba, sai dai tari. Har yau idan Alhamis ta zo tari take yi ko tana tsakar gida.

Na ce masa ya naɗi ƙarar sau ɗaya mu huta. Ya ce wasan kai tsaye ake yin sa, kuma ƙyaure ba kuka ɗaya gare shi ba: na ɓarawo daban, na matar da ta yi fushi daban, na mai gidan haya daban. Sannan ya hana ni ɗiga wa ƙarfunan ƙyauren mai. Ni da gwangwanin mai ba ya rabuwa da hannuna, masu kawo gyara suna ta yi mini tsiya. Amma gaskiya kaina ya kumbura. Ƙofar gidan attajirin cikin wasan, wadda duk gari ke zaton da zinariya aka yi ta, ƙyauren banɗakina ce. Na ƙara wa ƙorafina gishiri, na ce ni sau biyu nake biya, da aljihu da kuma sutura.

Ana haka sai masu iko suka ce za a duba soke kuɗin rediyo, tashar ta riƙa ci da kanta ta hanyar talla. Na yi murna a bakin shago har na yi wa wani faci kyauta. Aka kawo sabon manaja, ya fita neman masu talla, ya samo wani kamfani mai yin man shafa wa ƙarfe. Kamfanin ya kafa sharaɗi biyu. A ɗiga wa sanannen ƙyauren man nasu ana tsakiyar shiri, kowa ya ji ya yi shiru. Daga nan kuma kada wata ƙofa ta sake kuka a wasan da suke ɗaukar nauyi.

Tsawa ya same ni a shago ya zauna kan tsohuwar taya. Ya ce manaja ya faɗa masa, in ya ƙi kawo ƙyauren ya ajiye aiki. In kuma ya kawo, rabin aikin ya tafi, don tsawa da gobara ba kullum ake yin su ba, ƙofa ce ake buɗewa a kowane shiri. An ma fara cewa sauran ƙarar, masinja zai iya yi.

Na ce, “To maƙwabci, ka zo in koya maka faci. Girgiza kwano dai ka iya, famfo ba zai gagare ka ba.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Yarana ba su san ni da wata sana'a ba. Ni ma ban san wata ba.”

Ranar Alhamis na bi shi, a matsayina na mai ƙyaure. Ɗakin shirin ƙarami ne, an manna kwalin ƙwai a bango, fanka a kashe don kada ta yi ƙara, 'yan wasa na ta zufa. Wakilin kamfani ya zo da kwat da gwangwani. Tsawa ya ja ƙyauren a hankali, ya yi wani dogon kuka da ban taɓa jin ya yi a gidana ba. Wakilin ya ɗiga mai, aka ja, aka tura, shiru. In faɗi gaskiya, man yana da kyau. Har na tambaye shi inda ake sayarwa, Tsawa ya harare ni.

Sai aka ci gaba da wasa, kuma ranar ce ɓarawo zai shiga gidan attajiri. Ya shiga, ba wanda ya ji. Can sai matar attajiri ta kurma ihu. Mutanen gari suna gida ba su san abin da ya same ta ba. Wayar tashar ta hau ruri. Wani ya ce kunama ce, wata ta ce attajirin ne ya faɗi, wani tsoho ya ce ya buɗe bayan rediyonsa yana neman abin da ya lalace. A mako na gaba 'yan wasan suka koma faɗa da baki, mutum ya ce ga shi nan ya buɗe ƙofa, ga shi nan ya rufe. Surukata ta ce a kashe mata wannan shirmen.

Tela ne ya fara. Ya kwance murfin kabad ɗinsa mai kuka, ya ɗauka ya kai tashar. Kafin wata Alhamis harabar ta cika da ƙyamare, na kicin, na shago, na kejin kaji, kowa na tsaye kusa da nasa yana ja yana turawa. Yawancinsu abokan ƙorafina ne na bakin shago. Suka ce wa manaja tunda da kuɗinsu ake shirin, ƙofa za ta yi kuka. Ni ma na je na fi kowa ɗaga murya, na ce ba mu biya don mai gwangwani ya zo ya rufe mana baki ba. Tela ya tuna mini facin kyauta, na ce ya kula da kabad ɗinsa.

Kamfanin ya ga mutane sun fara kiran mansa makashin wasa, ya tattara ya tafi. Masu iko suka ce a bar kuɗin rediyon tukuna, za su sake zama. Har yanzu suna zaman. Manaja ya kira Tsawa ya ce ya fita ya zaɓi ƙyaure. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kunne a jiki, kamar likita, ya zaɓi na tela.

Nawa an dawo mini da shi, shiru kamar munafuki. Yanzu ba ka sanin an shiga ko an fito, sau da yawa mun yi karo da surukata a bakin ƙofa. Tela kuwa ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa, wai shi ne ƙofar attajiri. Kuɗin rediyo ina biya, ƙorafi ma ban fasa ba. Amma kullum da safe ina yayyafa wa ƙarfunan ƙyaurena ruwan gishiri don su yi tsatsa. Shekaranjiya ya ɗan yi wani ƙiƙ, na aika a kira Tsawa. Ya zo ya kasa kunne, ya ce da saura, in ƙara gishiri.