Ruwan da Kawu ya binne

Kawuna tsohon soja ne. Da ƙafafunsa suka kumbura ya daina fita, sai ya aika a kira ni daga shagon ɗinkina a Birni. Ya ce in sayo kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, yana so a rubuta abin da ya gani can arewa cikin rairayi. Na ce masa karatuna bai wuce firamare ba. Ya ce shi ya sa ya zaɓe ni, masu ilimi ƙari suke yi.

Kullum bayan la'asar nake zuwa. In ya faɗi magana sai na maimaita masa sau biyu kafin in rubuta, har ya gaji ya ce, "Kai, ba rabon gado muke ba." Ni kuwa tsorona kada in ɗora wa mutum abin da bai faɗa ba.

Labari ɗaya ne ya hana ni sukuni. Motarsu ta mutu nesa da rijiya, aka bar shi gadinta shi da wani abokinsa mutumin garin Dogo, abokin bai dawo da rai ba. Karon farko Kawu ya ce ya ba shi ruwansa duka. Bayan wata guda ya ce rabawa suka yi. Na ce, "Kawu, wanne zan soke?" Ya ce in bar su duka. Ana saura kwanaki ya rasu ya sake ɗauko zancen, yana kallon bango.

"Tona rairayi na yi na binne bidona na ruwa. Yana kiran sunana, na ce babu. Da rana ta yi sanyi ya daina kira. Wannan ka rubuta shi da kyau."

Bayan sadakar arba'in ɗansa, taubashina, wanda ke aikin gwamnati, ya karɓi kayen. Ya fitar da ɗan littafi da hoton Kawu cikin kaki. A shago na karanta. Wai Kawu ya goya abokin a baya, harsashi na zuba, ya ɗura masa ruwansa na ƙarshe, mutumin ya cika yana gaida ƙasarsa. Ranar ban ci tuwo ba.

Na same shi a ƙofar gida na ce, "Ba haka ya faɗa ba."

Ya yi dariya. "Tela, littafi ba wando ba ne da sai an auna. So kake in buga ubana ya kashe mutum da ƙishirwa?"

"Ba ni kayena."

"Ka zo ka ɗauka. Shafin nan dai na yage shi."

Na yi ta juya abin a raina, ko laifina ne da na miƙa, ko da ma tun farko bai kamata in rubuta ba. Ina cikin haka, bayan kaka, wata tsohuwa ta yi sallama a shagon da ƙullin gyaɗa. Ƙanwar abokin nan na Kawu ce, daga Dogo. An karanta mata littafin, an kuma ce mata ni na ji daga bakin Kawu.

Ta ce, "Ɗana, mu ƙishirwa aka ce mana ta kashe shi. Uwarmu har ta rasu ba ta ɗaga moɗa ba sai ta yi hawaye. Kai ka ji da kunnenka. Ya sha kafin ya cika?"

Ƙafata na kan keken ɗinki. Na san amsar kalma da kalma, ni na rubuta ta.

Na ce, "Ya sha, Inna."

Ta ɗaga hannu ta yi wa Kawu addu'a mai tsawo, ta yi wa taubashina, sannan ta juyo kaina ta ce Allah ya bar ni da gaskiyata. Na buɗe baki na ce amin.