Notin da Ba a Ɗaurewa Har Ƙarshe

Ɗana Sulemana yana son tafiya Kumasi koyon wayarin, wato aikin lantarkin mota, ni kuma na hana. A kan wannan maganar ce tatsuniyar kakata ta dawo mini, kuma motar wasan yara ce ta jawo ta. Zan bi abin daki-daki, domin ba na son magana a hargitse.

A unguwar Sabonjida na tashi, a gidan da ba a fita bayan magariba. Mahaifina tela ne, mutum mai doka, kuma a wurinsa na gaji halina. Yaran unguwa suna wasan ɓuya a bayan katangarmu, muna jin dariyarsu, in ana biki muna jin gangunan Dagomba, mu kuwa muna tsakar gida kamar kaji a akurki. Abin da ya rage mana shi ne murhun Kaka Azumi, mahaifiyar Baba. Wake da shinkafa take sayarwa da safe, don haka tun yamma take ɗora tukunyar wake. Ni da ƙannena mu kewaye wutar, ta tura mana gutsattsarin doya cikin garwashi. Baba yana ƙofar ɗakinsa yana ɗinkin maɓalli kusa da fitila, kamar ba ya jin kome.

Baƙuwa take kiran tatsuniya, kuma ba ta farawa sai ta tsokane ni. "Kai mijin nan nawa, ko cefane babu, sai jiran doya. Matsa can, baƙuwa ta iso. Wa zai ba ta wuri?"

Mu ce, "Ta zauna nan, Kaka."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wa da ƙane masu fito a bakin babban kogi. Kowa da kwalekwalensa, gadon ubansu. Wan yana son nasa har ba ya iya barci don tsoron kada ruwa ya tafi da shi. Sai ya je wurin maƙeri aka ƙera masa gajeriyar sarƙa, ya kafa turke a gaɓa, ya ɗaure hancin kwalekwalen tamau, ko motsi ba ya yi. Ƙanen kuwa doguwar igiyar rama ya samu, ya ɗaura a jikin giginya. In iska ta kaɗa, nasa ya yi nisa ya dawo, wan yana dariya yana cewa, "Naka ɗan yawon banza ne." Damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika. Ruwa yana hawa, na ƙanen yana hawa tare da shi. Na wan ma ya so ya hau, sarƙa ta danne hancinsa, ruwa ya shiga ta gaba, ya nutse.

A nan Kaka takan ɗaga murya, fuskarta tana wajen ɗakin Baba. "Bai ɓata ba fa! Yana nan daidai inda mai shi ya ajiye shi. Sai dai a ƙarƙashin ruwa."

Wata rana ƙanwata Salamatu ta ce, "Kaka, to da igiyar ƙanen ta tsinke fa?"

"Da ta tsinke, ta tsinke. Ci doyarki, sarkin tambaya."

Baba ya yi gyaran murya. "Mma, yara su kwanta."

"To, gwamna ya yi magana. Baƙuwa ta ɗau zanenta ta tafi."

Washegari ba abin da ya sauya. Har Kaka ta rasu, ba mu taɓa wasa a waje bayan magariba ba.

Yanzu ni bakaniken babur ne a unguwar Changli, kuma Sulemana a hannuna ya koyi riƙon sifana. Ya roƙe ni tafiyar nan, na ce a'a. Ya sake roƙo, na ce aikin da ya ciyar da ubansa zai ciyar da shi. Daga nan bai ƙara ta da maganar ba. Ya zo a kan lokaci, ya yi abin da aka sa shi, ya koma gida. Shirun nan ya fi roƙon damuna.

Ana haka wani malamin makaranta, mutumin kudu da ke zaune a unguwar Kalpohin, wanda nake yi wa gyaran babur, ya kawo motar wasan ɗansa, irin wadda ake tuƙawa da rimot. Haƙoran babban giyanta sun zube. Wan malamin ya aiko da sabon giya, da wani ɗan kuloci a cikin leda. Na ce ba na gyaran kayan wasa. Sulemana ya ce, "Baba, mu gwada mana." Na daɗe ban ji ya nemi wani abu ba, sai na karɓa.

Ga yadda ake haɗa kulocin. A jikin sandar giya, a fara sa faifan ƙarfe, sai ɗan siririn faifai mai kaushi, sai babban giyan, sai wani mai kaushin, sai faifan ƙarfe na biyu. A ɗora sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa, a rufe da noti. Amfaninsa, in taya ta maƙale ko motar ta diro daga tsalle, giyan ya ɗan zame tsakanin faya-fayan maimakon haƙora su karye. Malamin ya ga tsohon kulocin yana zamewa, ya zaci lalacewa ce, ya ɗaure notin har ƙarshe. Abin da ya cinye giyan ke nan.

Na ɗaura noti har sifirin ya matse, na ajiye sifana.

"Baba, yanzu sai a kwance shi kaɗan."

"Noti a kwance? A garejina?"

"Haka aka yi shi. In bai zame ba, haƙora ne za su biya."

Ya danne tayoyin baya da hannu, na matsa rimot. Gaban motar ya yi tsalle, giya ya yi ƙara mara daɗi. Na kwance da yawa don haushi. Sai inji ya yi ta kuka, motar ba ta yunƙura ba, faifan ya ɗau zafi har da ƙauri. Muka dinga ɗaurewa kaɗan-kaɗan muna gwadawa, har ya zama yana ɗan yin fito na lokaci kaɗan, sannan ya kama. Na tambaye shi juyi nawa ke nan, don in riƙe. Ya ce babu adadi, na yashi daban, na kwalta daban. Wannan amsar ba ta yi mini daɗi ba. Ni mutum ne mai son a ce mini kaza ne.

Notin nan ya tuno mini da sarƙar kwalekwalen Kaka. Ranar, bayan an ci tuwo, na kira shi gaban mahaifiyarsa, Ayishetu. Na ce ya tafi, amma zai sauka wurin kawunsa a zango, unguwar Hausawa, zai buga waya kullum, zai zo gida ƙarshen kowane wata, kuma ba zai hau babur ɗin kowa ba.

Ayishetu ta ce, "Masta, saura ka bi shi da tabarma ka kwana a ƙofar shagon."

Na janye zuwan wata-wata. Wayar kuwa na mayar Juma'a-Juma'a. Sulemana ya ce, "To, Baba. Na gode."

Ina yaro na ɗauka wan nan wawa ne, kuma na san da Baba Kaka take. Yanzu na san ba wauta ba ce, tsoro ne, kuma tsoron bai bar ni ba don na ba da izini. Tambayar Salamatu ita ce ta gaskiya, Kaka kuma ba ta da amsarta, shi ya sa ta ce a ci doya. Bayan salla zai tafi. Ban sani ba ko na kwance da yawa, ko har yanzu a matse yake. Motar wasa ana danne tayoyinta a gwada, a sake gwadawa. Nawa gwajin sai motar Kumasi ta tashi.