Inna Mai Rula da Iskar da Ba a Taɓa Gani Ba

A sashenmu na fiziks mu shida ne malamai, sai ɗaliban babban digiri. Ba mu da manyan na'urori. Allo muke da shi da alli, sai Inna Mai Rula, wadda ta shekara talatin tana buga mana takardu. Watan nan take ritaya.

Kullum ita ke fara buɗe ofis. Ta goge tebur, ta ɗora rular katako ƙarƙashin layin farko, kuma ba ta matsar da ita sai ta karanta layin sau biyu.

Bara wata ɗaliba, uwar yarinya 'yar shekara takwas, ta kawo mata aikinta saura kwana biyar a miƙa. Damarta ta ƙarshe ke nan. In aka dawo da shi, digirin ya tafi. Tambayar aikin ita ce: a ce akwai ƙwayoyin da suka fi haske gudu, ko da yake babu wanda ya taɓa ganinsu, in suka taru suka zama iska aka ɗumama ta, za ta zauna daram ko rushewa za ta yi?

Washegari Inna ta kira ta. "'Yar nan, iskar nan taki baki biyu gare ta. A shafi na sha tara, in an matse ta turewa take yi. A na arba'in kuma lafewa take. Wanne zan buga?"

"Kai, Inna, yaushe kika karanci fiziks?" ɗalibar ta ce tana dariya.

"Ban karance shi ba. Amma tun kina rarrafe nake buga shi."

Da ɗalibar ta duba, dariya ta ɗauke. Alamar ɗebewa guda ta salwanta a tsakiyar lissafi, mu malamanta duk ba mu lura ba. Kwana uku ta yi a teburin Inna tana sake lissafin, 'yarta na zuwa wurinsu in an tashi makaranta. Aikin ya wuce.

Inna, ke ce idon da muka rasa. Sunanki bai hau bangon kundi ko ɗaya ba, amma babu shafin da bai bi ta ƙarƙashin rularki ba. Mun gode, Allah Ya sa ki huta lafiya. Mu da kika bari, mu koyi bin aiki layi-layi.

Ranar da sakamako ya fito, 'yar ɗalibar nan ta tambayi Inna, "Inna, kin taɓa ganin iskar nan?"

"Ko mamanki ba ta taɓa ba."

"To me ya sa kika damu da ita?"

"Ai mamanki nake gani kullum."

Nan yarinyar ta gane ba don iskar Inna ke karanta kowane layi sau biyu ba, don mamanta ne.