Gahawar da Ta Cinye Motar Abu Hazza

A garin Ma'an babu wanda bai san Mifleh ba, wanda kowa ke kira Abu Hazza da sunan babban ɗansa. Shekara talatin ya yi yana gyaran injinan ban ruwa, amma ba da wannan ya yi suna ba. Cutarsa ita ce tsofaffin motocin jeji, irin masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda suke ratsa yashi tun kafin a shimfiɗa kwalta. Guda tara ya jera a rumfar bayan gidansa, ga bango cike da tsofaffin lambobin mota da jarkokin ƙarfe da taswirorin hamada da suka yi ja don tsufa. In ya ji labarin wata tana ruɓewa a bayan tantin wani makiyayi, ko abinci ake zubawa sai ya sa takalmi. Matarsa Fidda takan ce da ta san da ƙarfe za ta yi zaman aure, da maƙeri ta nema tun farko.

Cikin taran akwai wata Land Rover ja da ya sa wa suna Shagra, sunan da ake ba jar goɗiya. A wurin masu gwangwan ya tsinto ta, ba gilashi, kaji na ƙwai a kujerar direba. Shekara bakwai yana haɗa ta. Saboda fitila guda ɗaya sai da ya je Aƙaba sau uku. Ko Hazza bai taɓa riƙe sitiyarinta ba.

Wata Juma'a bayan la'asar aka yi sallama. Awwad ne, wani mutumin garin Jafar, tare da baffanninsa biyu, kowa cikin alkyabba. Dama mata sun daɗe suna raɗe-raɗin cewa ƙanen Awwad na son Anud, 'yar Abu Hazza mai koyarwa a makarantar 'yan mata, ita ma kuma ba ta ƙi ba. Don haka Abu Hazza ya ɗauko sabon jan rawaninsa, ya zuba gahawa da hannunsa. Babban baffan ya karɓi kofin, ya ajiye a kan darduma bai kurɓa ba. Baƙon da ya yi haka buƙata ce ta kawo shi, kuma ba zai sha ba sai an ce an biya masa. Mai hankali yakan fara tambaya. Abu Hazza kuwa, da yake yana ganin ya riga ya san zancen, sai ya buɗe ƙirji.

“Ku sha gahawarku. Abin da ya kawo ku kun samu.”

Suka sha. Awwad ya goge baki ya ce, “Allah ya ƙara girma, Abu Hazza. Shagra muka zo nema.”

“Wa?”

“Motar. Mahaifina Salameh ne ya tuƙa ta shekara ashirin, yana kai ruwa da marasa lafiya tsakanin Jafar da nan. Yau shekara biyu bai gane kowa ba, ni kaina bawan Allah yake ce mini. Shekaranjiya aka nuna masa hotonta a waya, ya ɗora yatsa ya ƙi ɗagawa. Mun duba lambar jikinta, ita ce. Ka faɗi kuɗinta.”

Abu Hazza ya ji kamar an zare masa haƙori ba allura. Ya dubi kofunan nan uku, babu ko ɗigo a ciki.

“Kun riga kun sha,” in ji shi. “Kuɗin me kuma?”

A cikin gida Fidda ta yi dariya har da hawaye. “To, uban amarya, yaushe aka sa rana?”

Anud ta leƙo daga madafa. “Baba, ni aka bayar ko ita?”

Da Fidda ta ga fuskarsa sai ta daina. Ta ce, “Ka bi su ka ce ba ka fahimce su ba ne. Babu wanda zai zarge ka.”

“Ni zan zargi kaina,” ya ce, ya fita wanke motar.

Da safe shi da kansa ya tuƙa ta zuwa Jafar, a hankali, kamar mai rakiyar amarya. Ransa a ɓace yake ƙwarai, bai kuma ɓoye wa kansa ba. Aka fito da tsoho Salameh ana riƙe da hannunsa, siriri, idanu ba sa tsayawa kan kowa. Ya zagaya motar sau ɗaya yana shafa ta. Ya dubi hanyar yashin da ta miƙe bayan gidajen, ya dubi tayar gaba, ya sa ƙafa ya shure ta. Sai ya juya, ya nufi ɗansa da ido kai tsaye.

“Awwad, wane jaki ne ya cika tayoyin nan haka? Zo ka rage iska, yashi za mu shiga.”

Awwad, mutum mai furfura a gemu, ya durƙusa gaban tayar yana laluben bakin iska. Abu Hazza ya durƙusa kusa da shi ya miƙa masa tsinken ashana na danna bakin iskar. Babu wanda ya dubi fuskar wani.

A motar haya Abu Hazza ya koma gida. Bayan wata uku mutanen Jafar suka dawo neman auren Anud, wannan karon kuwa sai da ya sa aka faɗi sunanta sau biyu kafin ya bari a taɓa kofi.

Gurbin Shagra yana nan a rumfa, bai sa wata ba, ya kuma hana a wanke ɗigon baƙin man da ta bari a ƙasa. In baƙi suka zo kallo, yakan wuce da su gaban takwas ɗin da sauri, ya tsaya a wurin da babu komai ya ba da labarin tun daga kofi. In ya zo kan maganar tsohon, sai ya gyara rawani, ya buga ƙirji.

“Jakin nan da ya sa tsoho ya tuna sunan ɗansa,” yakan ce, “ni ne.”