Ambulan ɗin da Nedyalka Ta Ƙi Miƙawa

Shekara talatin da ɗaya Nedyalka ta yi tana kai takardu tsakanin ofisoshin gwamnati a wani ɗan gari da ke bakin kogin Danube. Ba na sirrin ƙasa ba ne, waɗancan suna da masu gadinsu. Nata su ne na tsaka-tsaki: sunan mai ciwon da yake ɓoyewa, gidan da aka kai maraya riƙo. Ba a kulle su a akwatin ƙarfe, amma ba kowane ido ya kamata ya gan su ba.

Abin haushi, kowane ofis da alamar da yake sa wa irin waɗannan takardu. 'Yan sanda su ja jan layi, ofishin jin daɗin jama'a ya buga shuɗin hatimi, na ilimi kuwa bai san ko ɗaya ba, kwando guda yake zuba komai. An yi taro ya fi goma don a haɗa alama ɗaya, aka sha kofi aka watse.

Ita dai a hankali take tafiya ƙarƙashin itatuwan bakin ruwa, jaka rungume a ƙirji. Takan ji kamar mutane ne ke barci a ciki, shi ya sa ba ta sauri, ba ta kuma ajiye jakar a ƙasa. In hazo ya rufe kogin da safe, sai ta ga kamar garin duka yana shawagi a kan ruwa.

Saura kwana huɗu ta yi ritaya aka ba ta ambulan zuwa ofishin ilimi, an rubuta Karamanova a bayansa. Kowa ya san Radka Karamanova ta gudu da 'ya'yanta biyu bayan mijinta ya karya mata hannu. Ba sai ta buɗe ba, ta san a cikin ambulan akwai sunan garin da aka ɓoye su, don a sa yaran a makaranta. Mai karɓar takardu a can kuwa Stoil ne, ƙanen mijin.

"Goggo Nedyalka, ƙafar nan ba ta gaji ba har yanzu?" in ji Stoil. "Kawo in sa hannu."

"Wannan ba naka ba ne. Shugaba zan ba."

"Haba Goggo, doka ta ce ni ke karɓa. Shugaba ta tafi babban birni Sofiya, sai jibi."

"To, sai jibin."

"Za a rubuta miki takardar laifi fa, a satinki na ƙarshe!"

"Ai ka iya rubutu, ɗana. Rubuta."

Dokar tana bayansa, ta sani, kuma ta tsorata ƙwarai. Duk da haka ta mayar da ambulan inda ta ɗauko, sai da shugaba ta dawo ta damƙa mata hannu da hannu. Takardar laifin ta zo, ita ce ta farko a duk aikinta, aka kuma fasa yi mata walimar bankwana. Abin ya yi mata ciwo, ta yi kuka.

Bayan shekara biyu, tana zaune a benci tana kallon jiragen ruwa, Stoil ya zo ya zauna kusa da ita, duk ya rame.

"Goggo, tsohuwarmu tana kwance, jikokinta kawai take kira. Don Allah, wane gari ne?"

Tausayin tsohuwar ya kama ta, don tare suka yi makaranta.

"Na rantse da Allah ban sani ba, ɗana. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba."